Waiwaye: Yadda Aka San Kayan Cikin Mutum a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Makarantar farko ta sanin kayan ciki a ƙasar Hausa ita ce mahauta. Tun kafin a aza tubalin asibiti ko ɗaya a ƙasar Katsina, yaron da ya tashi a Maska ko Kafur ko Bakori ya san hanta, ya san huhu da ƙoda da saifa da tumbi da hanji, domin kowace Babbar Sallah a gabansa ake feɗe rago, haka ma ranar suna. Mahauci kuwa saninsa ya wuce na sunaye. Ya san matsarmama a manne take da hanta, in wuƙa ta kuskure ta fashe sai ɗaci ya ɓata nama. Ya san ƙoda biyu ce, a lulluɓe cikin kitse ta wajen gadon baya. Ya san in an hura maƙogwaro huhu zai kumbura, yana kuma gane hantar da tsutsa ta ci tun kafin ya raba ta biyu. Ilimi ne na ido da hannu, kuma ba abin rainawa ba ne.

Sai dai abin da ke hannun mahauci gawa ce. Zuciyar ta tsaya, jinin ya tsiyaye, huhun ya saki. Yana ganin kaya a ajiye, ba ya ganinsu a bakin aiki. Sannan rago ba mutum ba ne: cikin dabba mai tuƙa ɗaki huɗu ne, na ɗan Adam ɗaya tal. Gawar mutum kuma ba a buɗe ta. Da zarar rai ya yi halinsa sai wanka, likkafani, salla, kabari, galibi kafin rana ta faɗi. Saboda haka abin da kakanninmu suka faɗa game da cikin mutum ƙiyasi ne daga cikin dabba. Ba su kaɗai suka bi wannan hanya ba. Jalinus, likitan nan Bagirke da ya rayu a ƙarni na 2 miladiyya, wanda duniya ta yi fiye da shekara 1,000 tana dogara da littattafansa, birai da aladu da shanu ya feɗe, ya ɗora abin da ya gani a kan mutum, ya kuma tafka kurakurai masu yawa a haka.

Inda ido bai kai ba, zato ne ya cike gurbin. Aka bai wa zuciya tunani da fushi da jarunta, aka bar wa hanta tsoro, har wanda ya firgita ake cewa hantar cikinsa ta kaɗa. Jijiya kuwa aka haɗa ta wuri ɗaya, da mai ɗaukar jini, da mai ɗaukar saƙo daga kai, da mai ɗaure tsoka a jikin ƙashi, don a jikin yankakkiyar dabba duk kusan kamarsu ɗaya.

Masu aiki a jikin mai rai kowa da fagensa. Wanzami na da fata da abin da ke ƙarƙashinta kaɗan: aski, kaciya, ƙaho, tsaga, sakiyar maruru, cire beli. Ungozoma na da cibiya da mabiyiya. Boka da 'yar mai ganye na da saiwa da sassaƙe. A cikinsu duka, a ganina, maɗori ne ya fi kusantar ainihin ilimin ƙirar jiki, don ƙashi ana laluba shi daga waje, kuma aikin maɗori ba ya ɓuya: ko ƙafa ta miƙe ko ta karkace, kowa a gari zai gani. Bai taɓa zama ya ƙirga cewa ƙasusuwan baligi 206 ne ba, amma yatsunsa sun san bambancin karaya da gocewa da targaɗe.

Game da abin da ke can ciki, bayanin da ya fi yawo shi ne na sanyi da zafi, da mataccen jini, da majina, da dattin ciki. Ciwo abu ne mai tafiya: ya shiga ta ƙafa da damina, ya kwanta a baya, ya tashi ya hau kai. Magani shi ne a fitar da shi, ko ta ƙaho, ko ta zawo, ko ta amai, ko ta gumi. Ɗan boko na iya yin murmushi, amma akwai ƙwayar gaskiya a ciki. Mutanen sun gane jiki a haɗe yake, abin da ya taɓa nan yana iya ɓulla can. Hanyoyin ne ba su sani ba.

Malamai sun zo da nasu bayanin daga littafi. Littattafan ɗibbu na Larabci, irin su Kitabur Rahma da ake jingina wa Suyuɗi, sun gina lafiyar jiki kan ɗabi'u huɗu: jini, balgamu, safra'u da sauda'u, kowanne da zafinsa ko sanyinsa, danshinsa ko bushewarsa. Asalin tsarin na Girkawa ne, ya biyo ta hannun su Ibn Sina, wanda ya kammala littafinsa Alƙanun a 1025. A wannan fahimta hanta ce ke dafa abinci ta mai da shi jini, jinin ya tafi gaɓoɓi su cinye shi, ba ya dawowa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya yi rubuce-rubuce kan magani, har da na ciwon ido da na basir. Da Baturen nan Clapperton ya isa Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da likita. Wannan buƙata kaɗai ta isa ta nuna mutum ne da ya san akwai sauran sani a gaba.

Akwai kuwa. Ibn Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, ya riga ya rubuta cewa jini ba ya ratsa bangon da ke tsakiyar zuciya, sai dai ya fita daga ɓangaren dama, ya bi ta huhu, sannan ya dawo hagu. Maganar ta kwanta ƙarnoni, sai a 1924 wani ɗalibi ɗan Masar ya tono rubutun a wani ɗakin karatu a Jamus. A 1543 Vesalius, malami a jami'ar Padua ta Italiya, ya fitar da littafin da ya zana jikin mutum daga gawar mutum. A 1628 William Harvey na Ingila ya tabbatar da cewa jini zagaye yake yi, wanda ya fita daga zuciya shi ne ke dawo mata. Daga nan aka fara daina kallon kayan ciki a matsayin tarin nama daban-daban, aka koma ganinsu rukuni-rukuni. Zuciya na tare da hanyoyin jini. Hanci da maƙogwaro da huhu aikinsu ɗaya. Baki da tumbi da hanji da hanta su ke sarrafa abinci, ƙoda biyu da mafitsara su ke fitar da fitsari, ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyin saƙo su ke ba da umarni. Kowane rukuni da aikinsa, amma babu mai cin gashin kansa.

Wannan ilimi ya yi kusan shekara 300 kafin ya iso kudancin Katsina, kuma bayan auduga ya biyo. A ƙarshen shekarun 1920 layin dogo daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda ya ratsa Funtuwa, ga injin gurzar auduga, gari ya buɗe. Aka samu duba-gari da asibitin sha-ka-tafi na En'e. Malamin asibiti ya san kwinin da allura da wanke gyambo, amma ba a ɗora masa bayyana wa manomi yadda ƙoda ke aiki ba, shi kansa abin da aka koya masa taƙaitacce ne. Likitoci kuwa da yatsa ake ƙirga su. Dokta Barau Dikko na Wusasa, ɗan Arewa na farko da ya zama likitan zamani, sai da ya je Ingila ya yi karatun. Abin da ya fara karya shakkar mutane shi ne tiyata. A ga mutum ya shekara goma yana fama da gwaiwa, a sa shi barci, a buɗe, a ɗinke, ya dawo gida ya ɗauki fartanya. Nan aka yarda ana iya buɗe mai rai a rufe, ya tashi ya ci tuwo.

Babban juyi ya zo ne da Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, ta kuma fara koyar da likitanci a 1967. Asibitin Malumfashi ya shiga cikin asibitocin koyarwarta tare da na Zariya da na Kaduna, ɗalibai na zuwa koyon aikin karkara. A shekarun 1970 aka kafa shirin binciken cututtukan da suka zaunu a yankin, da haɗin gwiwar jami'ar da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool. Aka bi gida-gida aka ƙirga mutane, aka ɗebi jini da fitsari, aka latsa cikin yara ana neman kumburarriyar saifa, wadda ke nuna yawan zazzaɓin cizon sauro a wuri. Daga 1977 rahotanni suka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sunan Malumfashi a kansa.

Mafi girman darasin a zuciya aka same shi. Likitocin Zariya, Neil Davidson da Eldryd Parry, sun lura da wata irin mara lafiya da ke yawan zuwa musu: mai jego, 'yan makonni ko watanni bayan haihuwa, ƙafa a kumbure, ciki a kumbure, numfashi sama-sama, ba ta iya kwanciya sai a jingine, tana tari cikin dare. A gida cewa ake sanyi ne ya shige ta, sai a ƙara itace. Suka bi mata 224, suka tambayi asibitocin Arewa abin da suke gani, a 1974 suka buga sakamakon a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya. Ciwon ya fi yawa a kewayen Zariya da Malumfashi, inda ake tsananta wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa har arba'in ko fiye. A lokacin, a Zariya kusan haihuwa 1 cikin 100 ce ke ƙarewa da shi, kuma ya fi yawa a wajen watan Yuli.

Manomin rani a Danja ko a bakin dam ɗin Mairuwa zai fi kowa saurin gane bayanin, don ya san injin ban-ruwa: in inji ya yi rauni, ruwa kuma ya yi yawa, baya yake komawa ya malale inda ba a so. Zuciya ɗaki huɗu gare ta, tana bugawa kimanin sau 100,000 a kwana ɗaya, tana tura jinin da bai wuce lita 5 ba ya zagaya ya dawo. Lokacin goyon ciki jinin mace kan ƙaru da kusan rabi, bayan haihuwa kuma aikin ƙoda ne ta zubar da rarar. Kanwa cike take da sinadarin sodiyam, irin wanda ke cikin gishiri, shi kuwa riƙe ruwa yake yi a jiki. Zafi kuma yana buɗe hanyoyin jinin fata, dole zuciya ta ƙara gudu. In ta kasa, sai ruwa ya taru a huhu, numfashi ya gagara. Ya taru a hanta, ta kumbura tana ciwo. Ya sauka ƙafa, takalmi ya ƙi shiga. Ga mai kallo daga waje ciwo uku ne, na ƙirji da na ciki da na ƙafa, kowanne a nemo masa nasa jiƙon. Ga wanda ya san hanyoyin, ciwo ɗaya ne, gaɓa ɗaya ce ta gaza.

Labarin bai tsaya nan ba. A farkon shekarun 1990 likitoci a Yamai sun samu ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin mata masu wannan ciwo, daga baya aka samu irin haka a Kano. A 2020 Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka fitar da binciken da ya tattara mata daga asibitocin sassan Najeriya. Arewa maso yamma ce har yanzu ke kan gaba, amma abubuwan da suka fi alaƙa da ciwon su ne rama, da rashin karatu, da rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki. Wankan jego da kunun kanwa ba su fito a matsayin musabbabi ba. Wanda ya ɗauki bayanin 1974 ya mai da shi sandar dukan kakanni, ya yi gaggawa. Wanda kuma ya ɗauki na 2020 a matsayin izinin ci gaba da dafa mai jego, shi ma ya yi. Macen da zuciyarta ta riga ta gaza, kanwa nauyi take ƙara mata, ko da ba ita ce ta fara kayar da ita ba. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne, a wannan karon ɗan gida ne ya gyara maganar, da hujja.

Tsargiya ma ta koyar da irin wannan karatu. A ƙauyuka da yawa, yaro ya riƙa ganin jini a ƙarshen fitsarinsa ba abin tashin hankali ba ne, wasu ma alamar girma suke ɗaukarsa. Tun 1851 Theodor Bilharz, Bajamushe, ya gano tsutsar a wani asibitin Alƙahira. Masu binciken Malumfashi, su Pugh da Herbert Gilles, sun tace fitsarin mutane, suka samu ta fi kama yara maza, aka kuma zauna a bakin dam ɗin Ruwan Sanyi ana rubuta wa ke shiga ruwa, da wane lokaci, don yin me. Tafiyar tsutsar a jiki ita ce abin mamaki. Daga dodon koɗi take fitowa, ta huda fatar mai wanka ko mai kamun kifi, ta shiga jini, ta ratsa huhu, ta girma a hanyoyin jinin hanta, sannan ta sauka ta tare a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara. Ƙwanta ne ke yaga bangon mafitsara, shi ne jinin da ake gani. In abin ya shekara da shekaru, tabo na iya toshe bututun da ke sauko da fitsari, ƙoda ta kumbura ta lalace, wani ma ya kai ga dajin mafitsara. Kuma dam ɗin da aka gina don amfanin manomi da makiyayi, shi ne ya ƙara wa dodon koɗin wurin zama.

Manomi ya fi kowa sanin maciji, amma sai da David Warrell da abokan aikinsa a Zariya suka bi waɗanda kububuwa ta sara aka yi bayanin dalilin da wanda aka sara a ƙafa ke zubar da jini ta dasashi: dafin cinye sinadaran da ke sa jini ya daskare yake yi. Daga wannan aiki, wanda aka buga a 1977, aka samu gwajin da har yau ake yi a asibitocin karkara na ƙasashe da dama. A zuba jinin a busasshiyar kwalba mai tsabta, a bar shi minti 20, in bai daskare ba a ba da allurar karya dafi. A Malumfashi kuma an yi nazari na musamman kan kumurci mai tsarta dafi a ido. Sanƙarau, wanda Brian Greenwood da Hilton Whittle suka shafe shekaru suna bi, shi ya nuna wa mutane cewa ƙwaƙwalwa da laka cikin riga ɗaya suke, ruwa ɗaya ke kewaye da su. Shi ya sa likita ke soka allura a ƙugu don ya san abin da ke faruwa a kai. Har yau akwai dangin da ke hana ɗiban ruwan baya, wai shi ke kashewa, alhali cutar ce.

A daidai wannan lokaci akwai masu wani binciken daban, su magana suke ɗiba, ba jini ba. Murray Last, wanda ya rubuta tarihin Daular Sakkwato, ya zauna da Maguzawa kusa da Malumfashi daga 1969 zuwa 1972. A 1981 ya fito da wata magana da masana suka daɗe suna tattaunawa: mutane da yawa, har da masu ba da magani, ba su damu su san musabbabin ciwo ba, abin da suke so kawai shi ne wanda zai yi aiki, ko na boka, ko na malam, ko na asibiti. Ni ban ga laifin talaka a nan ba. Wanda asibiti ya yi masa nisan tafiyar yini, sanin cewa ƙodarsa ce ta gaza bai ƙara masa komai ba sai fargaba. Lewis Wall, Ba'amurke, shi ma ya zauna a wani ƙauyen yankin, a 1988 ya fitar da littafi kan maganin Hausawa, daga baya ya zama likitan mata ya duƙufa kan yoyon fitsari. Shi ma wannan ciwo maganar maƙwabtakar gaɓoɓi ce. Mafitsara na gaba, hanyar haihuwa na tsakiya, dubura na baya. In naƙuda ta kwana biyu ko uku kan jariri na danne nama a jikin ƙashi, jini ya daina zuwa, naman ya mutu ya faɗi, sai ƙofa ta buɗe inda babu ƙofa. Yankan gishiri ma na iya yin wannan ɓarna da aska ɗaya. Dokta Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan, ya ɗinke dubban irin waɗannan mata a Babbar Ruga ta Katsina tun daga shekarun 1980.

Abin takaici shi ne inda ilimin ya nufa. Parry ya bar Zariya a 1977, Greenwood ya koma Gambiya a 1980. Abin da aka gano a jikin mutanen yankin ya shiga manyan littattafan likitanci na duniya, ɗalibi a Landan na iya karanta labarin mai jegon Malumfashi. Amma da Turanci aka rubuta shi, a mujallun da ba sa zuwa Kafur balle Dandume. Ribar da ta tsaya a gida ita ce likitocin da aka horar, waɗanda suka ci gaba da aikin.

Yau, shekaru masu yawa bayan ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, abin ya sauya ƙwarai. Akwai babban asibiti a Funtuwa da Malumfashi, akwai makarantar ungozoma a Malumfashi, ga shagunan gwajin jini da na sikanin. Hoton ƙashi, wanda Röntgen ya gano a 1895, ya zama abin da maɗori da kansa kan ce a je a ɗauko. Mai ciki na ganin bugun zuciyar ɗanta a allo tun bai zo duniya ba. Tsoho na iya ce maka an ce hantarsa ce, ko ƙodarsa ce. Wannan ci gaba ne babba. Amma in ka saurara da kyau za ka ji an koma gidan jiya ta wata ƙofa: an san gaɓa, ba a san maƙwabtanta ba. Mai lasifika a kasuwa ya gane haka, shi ya sa yake tallar kwalba ɗaya mai wanke ƙoda, mai wanke hanta, mai wanke mara.

Ita ƙoda wanki shi ne aikinta. Kowace na da ƙananan matatu kusan miliyan 1, su biyun suna tace ruwan jini kimanin lita 180 a kwana ɗaya, su mayar da kusan duka, su saki lita ɗaya da rabi a matsayin fitsari. Cikin manyan abubuwan da ke kashe ta akwai hawan jini da ciwon suga, wato ciwon da ke farawa a wani rukunin daban. Ƙara da ƙwayoyin kashe ciwon jiki da lebura ke haɗiya kafin ya shiga gona cikin tsakar rana, ba tare da isasshen ruwan sha ba, da jiƙe-jiƙen da mai sayarwa kansa bai san ƙarfinsu ba. Ƙoda kuma ba ta kuka da wuri, mutum na iya rasa fiye da rabin aikinta bai ji komai ba. In ta tsaya, sai wankin ƙoda da inji sau 2 ko 3 kowane mako, ko dashe. An yi dashen ƙoda na farko da ya yi nasara a Boston ta Amurka a 1954, tsakanin tagwaye, an kuma yi na farko a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a 2002. Duka biyun sun fi ƙarfin aljihun manomi, gona ake sayarwa. Awon hawan jini kuwa minti biyu ne, kuma duk wanda nasa ke zama a 140 bisa 90 ko fiye yana bukatar kulawa, ko yana jin ciwon kai ko ba ya ji.

Hanta ma maganarta ta shafi wannan yanki fiye da yadda ake zato, don ƙasar masara ce. Masara ko gyaɗar da aka zuba a buhu ko rumbu ba ta gama bushewa ba tana yin fumfuna, fumfunar na fitar da gubar afalatoksin, wadda dafuwa ba ta kashewa. In ta haɗu da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, haɗarin dajin hanta ninkuwa yake yi. Ƙwayar kuwa ta jini take bi, daga uwa zuwa jariri, ko ta aska ɗaya da aka yi wa mutum goma aiki da ita. Rigakafinta na cikin alluran jarirai a Najeriya tun 2004. Shawara da ake ta nema wa sassaƙe alama ce kawai. Idon da ya yi rawaya na iya zama daga hanta, ko toshewar bututun matsarmama, ko fashewar jajayen ƙwayoyin jini saboda zazzaɓin cizon sauro ko sikila, kuma kowanne maganinsa daban. Haka mai feshin maganin ƙwari ba riga ba takunkumi: ta fata da huhu gubar ke shiga, amma jijiyoyin saƙo take kamawa, har ta iya tsayar da numfashi.

Yaro a sakandare a Funtuwa yana haddace sunayen waɗannan gaɓoɓi da Turanci, ya zana zuciya a takardar jarrabawa ya ci maki, amma ya dawo gida ya kasa gaya wa mahaifiyarsa abin da ya haɗa kumburin ƙafarta da hakin da take yi. Ba ƙarancin kalmomi ba ne, Hausa na da su. Bayanin haɗin ne ba a yi da Hausa yadda ya kamata ba. Malaman kimiyya, da ma'aikatan asibiti a ranar awo, da masu shirin lafiya a rediyo, da sarakunan aska da ungozomomi da jama'a suka yarda da su, aikin nan nasu ne, kuma ba ya bukatar inji ko ɗaya.

Kai kuma mai karatu, in akwai mai jego a gidanku da ƙafarta ta kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, a sauke tukunyar ruwan zafi, a ajiye kunun kanwa, a kai ta asibiti a ranar.